Magen Titi: A Kama, a Yi Mata Aiki, a Mayar da Ita

A da, idan aka kai magen titi gidan kula da dabbobi a Amurka, an san ƙarshenta. Magen da ta tashi a kango ba ta yarda hannu ya taɓa ta, balle wani ya ɗauke ta ya kai gida. Sai ta yi kwanaki a keji tana huci, daga nan a yi mata allurar mutuwa, alhali lafiyarta ƙalau.

Unguwar da aka kwashe magunan kuwa ba ta hutawa. Muddin akwai bola da wurin fakewa, wasu maguna za su gangaro su maye gurbi. Ga shi mage kan iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan kimanin kwana 63, sau biyu ko uku a shekara.

Shi ya sa birnin Jacksonville na jihar Florida ya sauya salo a 2008. Ana ɗana tarkon keji da ɗan kifi a ciki. In mage ta shiga, likitan dabbobi ya sa ta barci, ya dandaƙe muzuru ko ya cire wa mace mahaifa, ya yi allurar rigakafin ciwon haukan kare, sannan ya yanke ƙarshen kunne ɗaya, galibi na hagu, don kowa ya gane daga nesa cewa an gama da wannan. Da ta farfaɗo sai a sake ta daidai inda aka kamo ta. Haihuwa ta tsaya, faɗan muzurai da kukan dare da warin fitsari su ragu.

A harabar Jami'ar Central Florida, inda aka bi irin wannan hanya, maguna sun ragu daga 68 a 1996 zuwa 23 a 2002. Aikin tiyata kaɗai bai kawo haka ba, domin an nema wa jarirai da masu sabo da mutane gidaje. Italiya ma ta kafa doka a 1991 wadda ta hana kashe magunan titi masu lafiya.

Sai dai masu kare tsuntsaye suna da ja, domin magen da aka dandaƙe ba ta daina farauta ba. Don haka, a wurin da tsuntsaye masu ƙaranci ke sheƙa, ba a mayar da ita can, gara a nema mata gona ko sito inda za ta yi gadin ɓeraye, wani yana ba ta abinci da ruwa.