Rediyon Aljihu Da Amfaninsa Ga Malaman Makaranta

Mutanen ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar rediyo. Tun 1957 BBC ta fara magana da Hausa, a 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, ga kuma Rima Rediyo a nan Sakkwato. Amma shi rediyo kamar jirgin ƙasa yake, ba ya jiran kowa. Wanda ke gona ko kasuwa sa'ad da aka yi shiri, to, ya wuce shi ke nan.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira fodkas, watau shirin murya wanda akan ajiye a intanet, kowa ya sauke a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Sunan ya fara fitowa a Ingila a 2004, a 2005 kuwa kamfanin Apple ya shigar da shi cikin iTunes. Da fari sai gwanin kwamfuta ke iya fitar da shiri. Yanzu manhajojin wannan aiki sun sami gyara iri huɗu, waɗanda ya kamata kowane malami ya sani.

Na farko, wurin ajiya. Manhajar Anchor, wadda Spotify ya saya a 2019, ta saba wa mutane da ajiye shiri kyauta. Sau ɗaya mutum zai ɗora, sa'an nan wata hanya mai suna RSS ta kai shi ga sauran manhajojin saurare. Na biyu, tace murya. A 2022 kamfanin Adobe ya fitar da abin da ke rage hayaniya, don haka ƙarar janareta ko ta kabu-kabu ba ta ɓata darasi kamar da. Na uku, lissafin masu saurare. Manhaja takan nuna mutum nawa suka ji shiri, da inda suka gaji suka bari, abin da ko a aji malami ba ya cika ganewa. Na huɗu, mai da magana rubutu, wanda Apple ya soma a 2024.

To, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu kuwa babba ne. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ga rediyo aka koma, yaron da darasi ya wuce shi kuwa ya yi hasara. Ga kuma ɗaliban kwalejin horon malamai da akan tura koyon aiki Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, nesa da masu duba su. Darasin minti 15 a kan koyar da karatu ko lissafi, in an matse shi, bai wuce megabait 7 ko 8 ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Bluetooth ba da ko kwabo ba.

Amma fa a yi hattara. Rubutun nan na Apple da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci ya fara, ba Hausa a ciki, balle Sakkwatanci. Lalle ne malami ya rubuta nasa da hannunsa, gama kurame ma suna da hakki. Kuma kayan aro ba ya rufe katara. A 2024 Google ya rufe manhajarsa ta fodkas, Spotify kuma ya janye kayan ɗaukar murya daga tasa. Saboda haka kowace makaranta ta adana asalin shirye-shiryenta a kwamfutarta.

Shawararmu ga shugabannin kwalejoji ita ce, a keɓe ɗaki ɗaya marar hayaniya, a sa manhajar Audacity wadda ba a saye, a naɗa malamai biyu su riƙa duba kowane darasi kafin ya fita, gama magana zarar bunu ce. Na'ura ba za ta mai da darasin banza na kirki ba, sai dai ta kai shi nesa. Allah ya sa mu amfana, amin.