Untrue: Faifan da ya yi fice kafin a san fuskar mai shi

A ranar 5 ga watan Nuwamban 2007 ne wani ƙaramin kamfanin faifai a birnin Landan mai suna Hyperdub ya fitar da faifan Untrue, na wani makaɗi da ke kiran kansa Burial.

A lokacin babu hotonsa a jaridu, ba ya hawa dandamali, kuma ya shaida wa jaridar Guardian cewa mutum biyar ne kacal suka san yana haɗa kiɗa.

Duk da haka, kafin ƙarshen shekarar masu sharhi a Birtaniya da Amurka sun sanya faifan cikin mafiya inganci da suka fito a 2007.

Asalin kiɗan

Dubstep ya samo asali ne a kudancin Landan a farkon shekarun 2000, musamman a yankin Croydon, inda matasa kan taru a wani shagon sayar da faifai mai suna Big Apple.

Ya gaji abubuwa biyu: kiɗan rawa na garage da ya yi tashe a Ingila a ƙarshen shekarun 1990, da kuma salon dub na Jamaika, wanda masu haɗa sauti irin su King Tubby suka ƙirƙiro ta hanyar cire muryar mawaƙi a bar ganga da amsa-kuwwa.

Alamarsa ita ce amo mai kauri da ke girgiza ƙirji, da bugu kusan 140 a minti guda.

Gidajen rediyon da ba su da lasisi, kamar Rinse FM a wancan zamani, su ne suka fara yaɗa shi, sai kuma shirin da Mary Anne Hobbs ta gabatar a tashar Radio 1 a watan Janairun 2006, wanda ya kai shi kunnen jama'a da dama.

Abin da ya ja hankalin masu sauraro

Sai dai Untrue ya sha bamban da abin da ake sakawa a gidajen rawa, har wasu masoya dubstep na ganin bai ma cancanci wannan suna ba.

Burial ya ce ya haɗa shi ne da wata manhajar gyaran sauti mai suna Sound Forge, wadda ba ta jera bugu a kan ma'auni. Saboda haka gangarsa na tafiya kamar mai ɗingishi, wani bugun ya riga lokacinsa, wani ya makara.

A ƙarƙashin gangar ana jin ƙarar ruwan sama, da ƙaraurayar tsohon faifan garmaho, da sautukan da ya tsinto daga wasannin bidiyo.

Amma muryoyin su ne suka fi kama zukata. Yakan yanko 'yan kalmomi daga waƙoƙin soyayya na Amurka, ya ɗaga muryar ko ya sauke ta, har mai sauraro ya kasa bambance ta namiji ce ko ta mace. A waƙar Archangel, alal misali, muryar mawaƙi Ray J ce aka juya haka.

Duk wanda ya saba da waƙoƙin finafinan Hausa ya san muryar da kwamfuta ta sirantar. Bambancin shi ne a Kano ana yin hakan ne domin a ƙara wa waƙa zaƙi da armashin rawa, shi kuwa Burial ya mayar da muryar tamkar ta mai kira daga nesa cikin dare, ba tare da an amsa masa ba.

Yanayin da faifan ke zanawa shi ne na Landan bayan an tashi daga shagali: motar safa ta tsakar dare, da tituna jiƙe da ruwa, da mutum shi kaɗai a gidan abinci da asuba ta gabato.

Marubuci Mark Fisher, wanda ya yi hira da shi a mujallar The Wire a 2007, ya fassara kiɗan a matsayin makokin zamanin manyan tarukan rawa na matasan Birtaniya, waɗanda wata doka ta 1994 ta takura wa. Shi kansa Burial bai halarci waɗannan taruka ba saboda ƙuruciya. Ya san su ne ta faya-fayen yayansa da labaran da yake ba shi.

Farautar mai faifan

A 2008 aka sanya Untrue cikin faya-faye 12 da ke takarar lambar yabo ta Mercury, kuma a nan ne ɓoyon ya zame masa nauyi.

Jaridar Sun ta shiga neman ko wane ne shi, inda ta yi hasashen cewa wani shahararren makaɗi ne, ko Aphex Twin ko Fatboy Slim, ya ɓuya a bayan sabon suna.

A watan Agustan shekarar ya kawo ƙarshen ce-ce-ku-cen da kansa, ya wallafa hotonsa a shafin MySpace, ya tabbatar cewa sunansa Will Bevan, ɗan kudancin Landan, kuma ya nuna cewa ba ya sha'awar a san shi, kiɗan kawai yake son yi.

Ƙungiyar mawaƙa ta Elbow ce ta lashe lambar a watan Satumba.

Daga baya sunan dubstep ya koma kan wani salo mai tsananin ƙara da ya bunƙasa a Amurka, wanda ya kai Skrillex ga samun lambobin Grammy uku a 2012. Hakan ya ɓata wa da yawa daga cikin masoyan farko rai, waɗanda ke ganin an ɗauki amon an yar da natsuwar.

Tasirin Untrue ya fi bayyana a ayyukan mawaƙa irin su James Blake da ƙungiyar The xx, wadda ta lashe lambar Mercury a 2010. Burial kuma ya ci gaba da fitar da gajerun faya-faye, ciki har da Kindred a 2012 da Rival Dealer a 2013, dukkansu a kamfanin Hyperdub.