Baƙon hutu a ƙasar Damagaram

Babban hutun makaranta yana faɗowa cikin damina, daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba. A lokacin ne yara da yawa na birnin Zindar suke tafiya ƙauye wajen dangi. Wani yakan dawo ya ce bai ga kome ba sai gero da sauro. Ko kuwa akwai abin gani, in baƙo ya san ranar zuwa da wurin dubawa.

Gari na farko a gabas da Zindar shi ne Mirriya, wajen kilomita 20 bisa babbar hanyar Gure. Tsohon gari ne. Yana cikin garuruwan Sosebaki, tare da Dungas da Waca, tun kafin sarakunan Damagaram su mallake su. Kasuwarsa ran Lahadi take ci. Wanda ya zo ran Talata zai tarar da rumfuna wayam. Wanda ya zo ran Lahadi da hantsi zai ga amalanken shanu suna shigowa ta kowace kusurwa, da awaki, da tabarmin kaba, da tukwane jere a ƙasa.

Tukwanen nan su ne sunan Mirriya. Mata ne suke gina su da hannu: tulu, randa, kasko, tukunyar miya. Sai a haƙo yumɓu, a jiƙa, a kwaɓa, a gina, a bar shi ya bushe sarai kafin a gasa. In da sauran danshi a ciki, wuta na kama shi sai ya fashe. Saboda haka aikin ya fi tafiya da rani. Da damina masu ginin ma suna gona.

In aka ci gaba da tafiya gabas, wajen kilomita 70 daga Zindar, sai Gidimuni. Mota tana ta ratsa rairayi da ƙaya, ba zato sai ga kwari kore shar, da tabki, da itatuwan dabino, da garake. Daga ina wannan ruwa? Ruwan sama da ya zuba bisa tuddan rairayi ba ya gudu da nisa. Rairayi yakan shanye shi, ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa. Inda ƙasa ta yi kwari, sai ruwan ya matso kusa, wani wuri har ya ɓullo. Mai garka ba ya bukatar doguwar igiya a rijiyarsa. Birnin Zindar kuwa bisa dutse yake zaune, shi ya sa ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa.

Haka abin yake a kudu, cikin kwarin Korama, wajen Matamai da Kance, inda ake noman rake. Amma mai son shan rake ya jira hutun Disamba. Da damina bai nuna ba tukuna.

Akwai abin da baƙon damina ya kamata ya sani. Ya zo ne lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana kuma bai iso ba. Furar da aka dama masa daga rabon gidan aka ɗebo ta. Kowa kuma ya fita gona tun da asuba, ba mai sukunin raka shi yawo. Yaro mai hankali yakan bi masu gida, ya ɗauki gorar ruwa, ko ya kori awaki daga shuka. Ba ya ratsa gonar mutane, ba ya tsinkar abin garka sai an ba shi. A hanyar gona ne zai koyi bambanta gero da dawa tun ba su fid da kai ba. Da marece, in an dawo an ci tuwo, tsofaffi suna zaune a ƙofar gida, sai ya gaishe su, ya tambayi wanda ya kafa garin da inda ya fito.