Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Gano Inda Tsuntsu Ya Je ta Hanyar Tsawon Yini

Tsawon yini, wato lokacin da ke tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, ba ɗaya ba ne a ko'ina a doron ƙasa, kuma a kan wannan bambanci masana suka dogara wajen ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa tsuntsu a ƙafa domin a san ƙasashe da tekunan da ya ratsa. Na'urar ba ta hulɗa da tauraron ɗan'adam, domin abin da ke cikinta bai wuce ma'aunin haske da agogo da batir da ma'ajiyar bayanai ba, aikinta kuma shi ne ta riƙa adana ƙarfin hasken da ya sauka a kanta tare da lokacin saukarsa har shekara ta zagayo.

Tushen lamarin shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4 yayin da take kewaya rana, saboda haka a watan Yuni arewacinta ne ke fuskantar rana sosai, a watan Disamba kuma kudancinta. Idan aka zana jadawali, aka jera watanni a kwance, awannin yini kuma a tsaye, kowane wuri zai ba da layinsa gwargwadon latitud ɗinsa, wato nisansa arewa ko kudu daga Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu. A kan Ikwaita layin miƙaƙƙe ne, domin yini yana kusa da awa 12 duk shekara. A Kano, wadda ke digiri 12 arewa, layin yana ɗan tashi zuwa kusan awa 12 da minti 50 a Yuni, ya sauko zuwa kusan awa 11 da minti 25 a Disamba, bambancin da mai lura da lokutan asuba da magariba ne kaɗai ke gane shi. A Landan kuwa, a digiri 51.5, layin yana yin tudu da kwari sosai, daga sama da awa 16 da rabi zuwa ƙasa da awa 8, sannan daga digiri 66.5 zuwa ƙuryar arewa akwai ranakun da rana ba ta faɗuwa sam, da waɗanda ba ta fitowa.

Wannan jadawali ake karantawa a juye. Tunda na'urar ta adana kwanan wata da lokacin ketowar haske da na gushewarsa, mai bincike yana lissafa tsawon yinin ranar, sa'an nan ya nemi latitud ɗin da ya dace da shi. Matsayin gabas ko yamma kuma daga tsakar rana ake samunsa, domin duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, ke nan jinkirin tsakar rana da minti 4 yana nuna tsuntsun ya matsa yamma da digiri ɗaya.

Hanyar tana da iyakarta. A wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba dare da yini suna daidaita kusan a ko'ina, layukan jadawalin duka suna haɗuwa a awa 12, don haka latitud ba ya ganuwa na wasu makonni. Hadari da inuwa suna iya sa kuskuren ya kai kilomita 200, kuma dole a sake kama tsuntsun kafin a karanta bayanan, abin da ke yiwuwa saboda tsuntsayen teku da yawa suna komawa wurin sheƙarsu na bara.

Duk da haka, na'urar ta fito da abin da aka daɗe ba a iya aunawa ba. A shekarar 2010 Carsten Egevang da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan tan na Aktik, wani tsuntsun teku mai jan baki da baƙar hula wanda nauyinsa bai wuce kimanin giram 100 ba, bayan sun ɗaura wa tsuntsayen Girinlan da Aislan na'urori masu nauyin giram 1.4. Bayanan tsuntsaye 11 sun nuna cewa wasu sun bi gaɓar Afirka ta Yamma, wasu gaɓar Birazil, har suka isa tekun Antatika, kuma matsakaicin tafiyarsu zuwa da dawowa ya kai kilomita 70,900 a shekara. Da yake tsuntsun yana hayayyafa a arewa lokacin dogon yininta, ya kuma yi kiwo a kudu lokacin nata dogon yinin, masana suna ɗaukarsa a matsayin halittar da ta fi kowacce ganin hasken rana a shekara.