Shekara 10 Ana Jiran Barewa Guda

Idan watan Oktoba ya kama a yammacin Amurka, za ka ga motocin a-kori-kura suna haurawa tsaunukan Roki ɗauke da tantuna da jarkokin ruwa da akwatunan ƙanƙara, wasu har da tirelar dawakai a baya. Galibi 'yan gida ɗaya ne a ciki: tsoho da ɗansa da jikansa, wani lokaci uwa da 'yarta. An ɗauki hutu a wurin aiki, an nemi izini a makaranta, wasu sun kwana biyu a hanya. Abin da ya fito da su dabba ɗaya ce tak, kuma a cikinsu akwai wanda ya yi shekara 10, wani ma fiye da 20, yana jiran takardar da za ta halatta masa harbinta.

Dabbar wata irin barewa ce da babu ita a Afirka. Sunanta a Turance, mule deer, yana nufin barewa mai kama da alfadari, saboda faka-fakan kunnuwanta da take juyawa kowane gefe idan ta ji motsi. Ayarin Lewis da Clark, wanda gwamnatin Amurka ta tura binciken yammacin ƙasar daga 1804 zuwa 1806, ya rubuta wannan suna a kundin tafiyarsa. Namiji ƙosasshe yakan haura kilo 100. Barewarmu ƙahonta na har abada ne, amma wannan namijin kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar busasshen reshe, kuma ƙashi ne zalla. Wajen ƙarshen hunturu sai ya faɗi, sabo ya tsiro lulluɓe da wata fata mai laushi, kafin watan Satumba ya ƙare ya goge fatar a jikin itatuwa. Idan ta tsorata ba ta sheƙawa a miƙe. Daka tsalle take yi da ƙafa huɗu a lokaci guda, ta dira, ta sake tashi, ta haye gangaren da zai gajiyar da mai bin ta.

To me ya sa sai an jira? Amsar tana cikin abin da ya faru a ƙarni na 19, lokacin da farauta ta zama kasuwanci a Amurka. Ana harbin namun daji ana loda nama da fatu a jirgin ƙasa zuwa birane. Ɓaunar ƙasar, wadda a da ake ƙirga ta da miliyoyi, ta koma 'yan ɗaruruwa a daji, barewa ma ta yi wuyar gani a wurare da yawa. Daga nan aka fara ɗaure hannun mafarauta. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da dabbar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka hana sayar da naman daji, suka sa ranar buɗe farauta da ranar rufewa. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda a yau take karɓar harajin kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsasai, ana raba kuɗin ga hukumomin kula da namun daji na jihohi. Tushen tsarin shi ne dabbar daji dukiyar jama'a ce, hukuma amana kawai take riƙewa, ko da a gonar wani dabbar take kiwo.

Mai riƙon amana kuwa dole ya san adadin abin da ke hannunsa. Da hunturu, sa'ad da barewar ta sauko kwari ta taru, ma'aikata sukan bi ta da jirgi mai saukar ungulu suna ƙirga: maza nawa a cikin kowace mata 100, ƙanana nawa suka rayu. Da wannan lissafi ake yanke yawan lasisin da za a bayar a kowane yanki. Akwai yankunan da ɗan jiha zai shiga kanti ya sayi lasisi kowace shekara ba tare da jira ba. Amma inda manyan maza suke, kamar tsaunukan Henry a jihar Yuta, ko zirin arewacin Arizona da ke bayan Grand Canyon, ko kwarin Gunnison a Kolorado, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Nan sai ƙuri'a.

Jihohin Aidaho da New Mexico ƙuri'a tsantsa suke yi, kowa da sa'arsa. Wasu kuma sun ƙirƙiro tsarin maki: duk shekarar da ka nema ba ka samu ba, ko ka biya kuɗin maki, sai a rubuta maka ɗaya. A Wayomin, kashi 75 cikin 100 na lasisin waɗanda ba 'yan jihar ba ana ba masu maki mafi yawa ne, sauran a jefa ƙuri'a. Ranar da ka samu, makinka ya koma sifili. Matsalar ita ce masu shiga layi sun fi masu fita yawa, saboda haka yankin da bara ake samu da maki 12, bana sai da 13. Mutum yana ƙara maki ɗaya, layin ma yana ƙara tsawo da ɗaya.

A nan ne maganar ta zama ta iyali. Ana iya nema a ƙungiyance, amma Wayomin tana haɗa makin 'yan ƙungiya ta raba daidai, Kolorado kuwa makin mafi ƙanƙanta take ɗauka. Uban da ya tara 15, ɗansa yana da 3, idan ya ce sai tare za su, to ya sadaukar da shekarun da ya tara ke nan. Da yawa sukan yi hakan ba tare da sun yi dogon tunani ba. Ga kuma tsoho da gwiwa ta fara ciwo, wanda kowa a gidan ya san lissafin da ake yi a zuci: ko lasisin zai fito yana da sauran ƙarfin hawa dutse? Wannan ɓangaren tsarin yana taɓa ni ƙwarai. Abin da kuma ban yarda da shi ba shi ne gwanjon wasu 'yan lasisai na musamman. A 2023, a wani baje koli a birnin Salt Lake, an sayar da lasisin barewa guda na Arizona a kan dala 725,000. An ce kuɗin gyaran daji ake yi da su, kuma gaskiya ne. Amma dukiyar da aka ce ta kowa ce, bai dace mai kuɗi ya tsallake layin da makaniki ya yi shekara 20 a kai ba.

Mu ɗauka lasisin ya fito. Galibi ƙasar gwamnati ake shiga, wadda kowa ke da damar takawa. Hukumar kula da filayen gwamnati ta BLM kaɗai tana riƙe da eka miliyan 245, wato ya ɗan fi faɗin Najeriya. Tun ƙarfe huɗu na asuba ake tashi, ruwan da aka bari a buta ya daskare. Kowa ya ɗora riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli, don doka ta wajabta a jihohi da dama, kuma idon barewa ba ya rarrabe launin sosai. A hau tudu cikin duhu, a zauna a jingina da dutse, a kafa madubin hangen nesa. Farautar wannan dabba yawancinta zama ne da kallo. Awa biyu, awa uku, ana bin gangaren da ke tsallaken kwari da ido taƙi-taƙi, har a ga wani abu da ake zaton reshe ne ya juya kunne. Tsohon ya taɓa kafaɗar jikansa, ya nuna masa da haɓa. Sai a duba iska ta hanyar sakin ɗan gari daga kwalba, domin in ta ɗauki ƙanshin mutum zuwa wurin dabbar, aikin yini ya tashi a banza. Daga nan sanɗa ce da rarrafe, wani lokaci a cire takalma a tafi da safa. Yaron na kwance, numfashinsa na fita da hayaƙi, hannunsa na rawa, uban na raɗa masa ya jira har dabbar ta ba da gefe. Sau da yawa ba ta bayarwa. Mutane da dama sukan koma gida hannu rabbana, kuma suna da kalmarsu a kan haka: wai wane ya sha miyar takarda.

Mai karatu zai iya tambaya, in ana son dabbar haka, me ya sa ake harbinta? A tudun Kaibab na Arizona an taɓa gwada hanawa. Bayan Shugaba Theodore Roosevelt ya mai da wurin gandu a 1906, an hana farautar barewa, aka dinga kashe zakin dutse da kyarkeci da sauran masu cin ta. Ta yaɗu har ta cinye tsirran da take rayuwa a kai, a shekarun 1920 yunwa ta kashe ta da dubbai. Ciyawa ce ke yanke adadin bakin da daji zai ɗauka.

Abin da ke damun masana a yau ma ba harsashi ba ne, hanya ce da abinci. Wannan barewa makiyayiya ce mai tashi da sauka kamar Fulanin daji. Masanin namun daji Hall Sawyer da abokan aikinsa, ta hanyar ɗaura wa dabbobi abin wuya mai na'urar GPS, sun gano wani garke a Wayomin da ke tafiyar kilomita kusan 240 daga hamadar Red Desert zuwa tsaunukan Hoback, ya kuma dawo, kowace shekara. Wata mace da aka laƙaba wa lamba 255 ta zarce har cikin Aidaho, kusan kilomita 390. Tana bin sabon tsiro ne yayin da dusar ƙanƙara ke narkewa daga ƙasa zuwa sama, kuma hanyar da ta bi bara ita za ta bi bana, ƙaraminta na biye da ita a tafiyarsa ta farko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai wannan riƙon hanya shi ne rauninta: a gitta mata waya, ko titi, ko rijiyoyin gas, ba ta saurin neman wata. A filin gas na kusa da garin Pinedale, binciken shekara 17 ya nuna garken wurin ya ragu da kashi 36 cikin 100. A 2012 an gina wa dabbobi gadoji 2 a saman babban titin yankin da hanyoyi 6 a ƙarƙashinsa, kuma karon mota da barewa ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100.

Sannan ga hunturu. Na 2022 zuwa 2023 ya yi tsanani a yammacin Wayomin, ƙanƙara ta binne abinci wata da watanni. Kusan duk ƙananan da masu bincike suka sa wa abin wuya sun mutu, haka ma fiye da rabin iyayensu, garken yankin da ake ƙiyastawa a kan 30,000 ya koma wajen 11,000. Hukuma ta rage lasisi, ta gajarta kwanakin farauta, wasu da suka daɗe a layi suka ɗage tafiyarsu da kansu. Ina karanta wannan ina tuna farautar gayya ta ƙasarmu, da kiɗa da karnuka da kirari, wadda ba ta gaza tasu daɗin zumunci ba. Tsofaffinmu suna ba da labarin barewa da gada a bayan gari, inda yau sai zomo in an yi sa'a. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba a ƙirga su ba suna nan, ba a kuma ƙirga ba suna ƙarewa.

In an dace an harba, mafarauci zai yanke kwanan wata a jikin takardarsa nan take, ya ɗaura ta a dabbar. A feɗe a wurin, a raba ƙafafu huɗu da naman gadon baya a buhunan yadi, kowa ya goya nasa, wani lokaci sawu biyu ko uku zuwa inda mota take. Ɗaukar kai da ƙaho a bar nama ya ruɓe laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Ko an iso gida, akwai sauran jira guda. A 1967, a wani gidan bincike a Fort Collins ta Kolorado, aka fara ganin wata cuta a jikin wannan barewa: dabba ta rame, ta riƙa dalalar da miyau, ta daina tsoron mutane, ta mutu. Likitar dabbobi Elizabeth Williams ce ta gano a ƙarshen shekarun 1970 cewa dangin cutar haukan shanu ce. Wani gurɓataccen furotin ne ke cinye ƙwaƙwalwa, ba shi da magani, ba shi da rigakafi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana daɗewa a cikin ƙasa shekara da shekaru. Yanzu an same ta a fiye da jihohi 30. Ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Saboda haka a kan hanyar komawa sai a tsaya a shingen ma'aikatan daji, su yanki kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙin dabbar su tura ɗakin gwaji. A gida a yanyanka naman, a naɗe a takarda, a rubuta kwanan wata, a jera a firiza, babu mai taɓawa sai sakamako ya fito bayan mako ɗaya ko biyu. Kafin ƙanƙarar wannan hunturu ta narke an sake buɗe rajista, uban ya zauna gaban kwamfuta ya shigar da sunansa da na yaron, kowannensu da maki sifili.