Borin Jini Ga Ƙananan Yara: A Lura, A Gwada

Jama'ar zango, musamman iyaye mata, ga wata magana a kan 'ya'yanmu. A nan Sri Petaling gyaɗa da jatan lande ba su rabuwa da abinci. Akwai gyaɗa a miyar satay da gefen nasi lemak, belacan kuwa da jatan lande a ke yinsa. Sau da yawa yaro ya kan ci abu a kasuwar dare, kafin a kai gida jikinsa ya yi rudu-rudu, ya kama susa. Wannan shi ne borin jini, watau jiki ya ɗauki abinci a kan abokin gaba.

Alamunsa su kan fito cikin 'yan mintoci zuwa awa 2: ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, da amai. Atishawa da tarin dare kuwa sau da yawa daga ƙananan ƙwarin ƙura ne, waɗanda ke yaɗuwa cikin katifa saboda laimar ƙasar nan. Amma in numfashi ya sarƙe, ko murya ta dushe, ko yaro ya yi laushi, to, ba lokacin jiƙo ba ne. A kira 999 nan take, allurar adrenalin ce maganinsa.

Kada uwa ta hana wa yaro ƙwai da madara bisa zato kawai, don yana bukatarsu. Ta rubuta abin da ya ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya, ta kai wa likita. Likita zai ɗiga ruwan abin da a ke zargi a hannun yaro, ya ɗan tsaga fata, a jira minti 15. In wurin ya tasa kamar cizon sauro, alama ce. Maganin ƙaiƙayi yana ɓata gwajin, don haka a faɗa wa likita in yaro na sha. Akwai kuma gwajin jini. Duk da haka gwaji ya kan nuna abin da yaro ke ci lafiya lau, shi ya sa wani lokaci a kan ba shi abincin kaɗan-kaɗan a asibiti. Kada a gwada wannan a gida.

A 2015 wani bincike a Landan kan jarirai 640 ya nuna cewa fara gyaɗa da wuri ya rage borinta da kashi 80 cikin ɗari. Ashe kunun gyaɗar kakanninmu ba banza ba ne. Sai dai jariri mai ciwon fata mai tsanani, a tambayi likita tukuna.

Allah ya raya mana zuri'a.