Ciwon Nono ga Mai Shayarwa da Hanyoyin Sauƙaƙa Shi



Batun da zan ɗan tattauna a kansa yau batu ne wanda kunya takan hana a faɗe shi a fili, musamman ga mai haihuwar fari, har ta kai wata takan cire ɗanta daga nono tun lokaci bai yi ba, saboda zafin da za a iya sauƙaƙa shi a cikin ɗaki.

Galibi ciwon yakan faro ne tsakanin kwana na 3 zuwa na 5 bayan haihuwa, lokacin da dakashi ya ja baya, ruwan nono ya kawo sosai. A nan sai mama ya kumbura, ya yi tauri, ya yi nauyi. To, abin lura shi ne, wannan kumburi ba tarin nono kaɗai ba ne. Akwai jini da ruwan jiki da suka taru a naman wurin. Saboda haka gasa mama da ruwa mai tsananin zafi, kamar yadda akan yi wajen wankan jego, da murza shi da ƙarfi, sukan ƙara kumburin ne. A 2022 wata ƙungiyar likitocin shayarwa mai cibiya a Amurka ta sabunta ƙa'idojinta a kan haka, ta fifita sanyi a kan zafi. Wato a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ko na randa ne, a ɗora kamar minti 10 bayan an gama shayarwa, sannan a shafa fatar a hankali zuwa wajen hammata, irin shafar da akan yi wa kan jariri.

Amma tushen mafi yawan tsagewar kan nono shi ne yadda jariri ya kama. In kan nonon kaɗai ya riƙe, dasashinsa zai yi ta gurzarsa. Kamun da ya dace shi ne ya buɗe baki sosai, ya haɗa da yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa mama, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, cikinsa yana manne da na uwar. In ta ji zafi ya ƙi wucewa, kada ta fizge. Ta zura ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa, ya saki, a sake kamu. In mama ya yi taurin da jariri ya kasa kamawa, ta tatse kaɗan da hannu don ya yi laushi. Kaɗan na ce, domin yawan tatsa yawan kawowa yake jawowa. Wannan ya shafi ma'aikaciyar da ta koma ofis bayan hutun haihuwa.

Kada a daina shayarwa a ɓangaren da ke ciwo, domin nonon nan bai lalace ba, ba ya cutar da yaro. Jariri sabon haihuwa yakan sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana. A guji wanke kan nono da sabulu, da shafa masa toka ko wani garin magani, da ɗaura matsattsiyar rigar mama. Farasitamol da ibuprofen ba su hana shayarwa, in an bi ƙa'idar shansu.

Sai dai akwai inda dabarar gida take tsayawa, kuma a nan nake jan hankalin mazaje. In zazzaɓi ya zo da rawar jiki, wani sashe na mama ya yi zafi jau, aka yi awa 24 ba sauƙi, to a tafi asibiti, domin mai yiwuwa ƙwayoyin cuta sun shiga. In an yi jinkiri yakan zama ƙurji mai mugunya, wanda sai likita ya zuƙe shi da allura ko ya tsaga. Haka kuma duk wani ƙullutu da ya ƙi bajewa bayan 'yan kwanaki, a kai likita ya duba shi, ko da ba ya ciwo.